Dabaibayin Da Ɗalibi Ke Yi Wa Kansa: Abin Da Mubi Ke Faɗa Wa Abuja

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a babbar makaranta ya san irin wannan ɗalibi. Yana da kai, yana ɗaukar karatu tun kafin malami ya rufe baki, abokansa ma wurinsa suke zuwa idan lissafi ya cushe musu. Amma da zarar an kafe jadawalin jarrabawa sai ya koma wani mutum dabam. Littafin da ya kamata ya buɗe tun farkon zango sai daren jarrabawa zai shiga nemansa. Aikin da aka ba shi mako uku ba zai taɓa shi ba sai ranar miƙawa. Wani lokaci ya raba dare a gidan kallon ƙwallo, wani lokaci ya tsiri tafiya gida babu gaira babu dalili, wani lokacin ma ya ƙi shiga ɗakin jarrabawar, ya ce kansa ke ciwo. Idan sakamako ya fito da kwas biyu ko uku da zai maimaita, amsarsa a shirye take: ai dama ban yi karatu ba.

Mu da ke zaune a Abuja muna biyan kuɗin makarantar ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa a gida, muna da sunan da muke kiran wannan hali da shi. Lalaci muke ce masa, ko rashin sanin ciwon kai, mu ɗora da cewa yaran yanzu ba su san wahala ba. A nawa ra'ayi, wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma gaggawar tana jawo mana hasara. Da yawa daga cikin waɗannan matasa dabaibayi suke yi wa kansu, irin wanda makiyayi ke yi wa dabba don kada ta yi nisa. Suna yin sa ne saboda tsoro, kuma wani ɓangare na abin da ya koya musu tsoron yana fitowa ne daga ofisoshin da ni da kai, mai karatu, muke shiga kowace safiya. Na zaɓi Mubi ne domin a can abubuwan da ke haifar da wannan hali sun taru wuri guda, har ana iya ganinsu ƙarara.

Garin da karatu ya sha yankewa

Mubi gari ne na kasuwa da makaranta. Yana arewacin Jihar Adamawa, kusan kilomita 200 daga Yola, a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. An san shi da babbar kasuwar shanu, an kuma san shi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Ɗalibai na zuwa daga Michika da Madagali da Hong da Maiha da Gombi, daga kudancin Borno, har da jihohi masu nisa. A aji guda za ka tarar da mai jin Fali, da mai jin Gude, da Higi, da Margi, da Kilba, da Fulatanci, Hausa ce ke haɗa su a waje, Turanci kuma a cikin aji.

A daren 1 ga Oktoba 2012, wayewar garin 2 ga wata, 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji inda ɗalibai ke haya, suna bin ɗaki-ɗaki suna kiran sunaye. 'Yan sanda sun ce mutum 25 aka kashe, wasu majiyoyin sun ce sun haura 40, akasarinsu ɗalibai. A ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta ƙwace garin, ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. Ɗalibai da malamai suka watse a ƙafa, wasu ta daji, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi. A ranar 21 ga Nuwamba 2017 aka tayar da bam a masallaci lokacin sallar Asuba, mutum kusan 50 suka rasu. A ranar 1 ga Mayu 2018 aka sake kai hari a masallaci da kasuwa.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Yaron da ke da shekara 10 ranar da aka gudu daga Mubi ko Michika a 2014, shi ne ya kai shekara 20 a 2024. Waɗanda ke zaune a ajujuwan manyan makarantun yankin a 'yan shekarun nan, da dama daga cikinsu su ne yaran da aka riƙe wa hannu aka tsallaka daji da su. Kura ta lafa, kasuwa ta dawo, makarantu sun buɗe, alhamdu lillahi. Abin da yaro ya koya a wancan lokaci game da yadda duniya take tafiya kuwa, ba a goge shi da sake fentin aji.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi

A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Steven Berglas da Edward Jones, suka yi wani gwaji da ɗaliban jami'a. Suka ba rukuni ɗaya tambayoyin da ake iya amsawa, ɗaya rukunin kuma suka ba su tambayoyin da yawancinsu ba su da amsa, sai dai canki-canki. Bayan an gama, aka gaya wa kowane rukuni cewa ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sannan aka ce za a sake gwaji, amma kafin nan kowa ya zaɓi ɗaya cikin magunguna biyu: wanda aka ce yana ƙara kaifin tunani, ko wanda aka ce yana dushe shi. Magungunan ba na gaske ba ne. Abin da ya fito shi ne, waɗanda aka yaba wa a kan nasarar da su kansu ba su san yadda aka yi suka same ta ba, musamman maza, sun fi karkata ga maganin da ke dushe tunani.

Dalilin ba boyayye ba ne idan aka natsu. Mutumin da ake ɗauka haziƙi, alhali a zuciyarsa ba shi da tabbacin hakan, gwaji na gaba barazana ne gare shi. Idan ya dage iya ƙarfinsa ya faɗi, asiri ya tonu, babu abin da zai faɗa wa mutane ko ya faɗa wa kansa. Idan kuwa ya sa wa kansa cikas tun farko, faɗuwa ta zo, laifin na cikas ne. In ya ci duk da haka, to martabarsa ta ninka. Ta kowace fuska mutuncinsa ya tsira, karatun ne kawai ya tafi. Bahaushe ya riga masana faɗa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu a ɗora wannan a kan ɗalibin da ya fito daga ƙauyen da makarantarsa ta shafe watanni ko shekaru a rufe. Ya zana jarrabawar kammala sakandare a wata cibiya inda ake rubuta amsa a allo, abin da kowa ya san yana faruwa a sassan ƙasar nan da dama. Ya fito da sakamako mai kyau, dangi suka yi murna, liman ko fasto ya sa albarka, aka sayar da akuya ko buhun masara aka biya kuɗin rajista. Shi kaɗai ya san cewa takardar da ke hannunsa ta fi abin da ke kansa. Ya shigo aji ya tarar ana lacca da Turancin da rabinsa ke wuce shi, ga tsoron ɗaga hannu kada a yi masa dariya. Wannan shi ne ainihin ɗalibin Berglas da Jones: an ba shi nasarar da bai san hanyarta ba, an kuma ɗora masa fatan gida gaba ɗaya. Gudun littafi a wurinsa hanya ce ta jinkirta ranar da za a gane.

Haka abin yake ga jinkirin aiki, wato a bari sai gobe. Masanin nan Piers Steel, da ya tattara binciken da aka yi a kan wannan hali a 2007, ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban jami'a suna taɓa yin sa. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl kuma sun yi bayani a 2013 cewa tushensa neman sauƙin zuciya ne na ɗan lokaci. Buɗe littafin yana tayar da fargaba, rufe shi yana kwantar da ita nan take, ko da gobe za a biya ninki. Shi ya sa wa'azin tsara lokaci kaɗai ba ya cika tasiri. Ɗalibin ya san jarrabawa na tafe, ya san ranarta, sanin ne ma ke hana shi barci.

Idan ƙoƙari ya daina haifar da sakamako

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi shafar Mubi. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier suka nuna cewa dabbar da aka daɗe ana azabtarwa ta hanyar da ba ta da ikon tsayarwa, daga baya ko an buɗe mata hanyar tsira ba ta yunƙurawa. Bayan kusan shekara 50, a 2016, masanan biyu suka gyara bayaninsu da kansu bisa abin da binciken ƙwaƙwalwa ya nuna. Suka ce saduda ita ce abin da halitta ke komawa gare shi idan wahala ta yi tsawo. Abin da ake koya shi ne akasinta, wato sanin cewa abin da na yi yana iya sauya abin da zai same ni. Wannan gyara yana da nauyi ga masu tsara manufofi. Ma'anarsa ita ce yarda da amfanin ƙoƙari aba ce da ake dasawa, ta hanyar maimaita gani da ido cewa an yi aiki an ga lada.

To, sau nawa matashin arewacin Adamawa ya ga haka? Ya ga mahaifinsa ya yi noma, wasu suka girbe ko suka ƙone. Ya ga yayansa ya yi karatu tuƙuru, malaman kwalejojin fasaha suka shiga yajin aiki na watanni tsakanin 2013 da 2014, ana dawowa ba da daɗewa ba gari ya faɗa hannun 'yan ta'adda. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu, ƙungiyar ASUU kuma ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Karatun shekara 4 ya koma 5 ko 6 a jami'o'i da yawa, ga ka'idar shekara 30 ta bautar ƙasa tana matsowa, ga masu ɗaukar aiki da ke gindaya iyakar shekaru. Babu ɗaya cikin waɗannan da ɗalibi ya jawo, babu kuma wanda ƙwazonsa zai iya hanawa.

A cikin makarantar ma darasin yana ci gaba. A manyan makarantunmu da dama ɗalibi kan shiga zango na gaba bai ga sakamakon na baya ba. Yakan ga maki ba tare da ya ga takardarsa ba, balle ya san inda ya kuskure. Akan ce takardarsa ta ɓace, ya maimaita kwas ɗin da ya tabbata ya rubuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tsinka zaren da ke tsakanin aiki da lada.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ɗalibin Mubi yana da waya, yana jin labari. Ya san cewa a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a bainar jama'a yana sauraren shaidu kan zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Ya san wanda ya fita da sakamako mafi daraja yana tuƙa Keke Napep, ya kuma san wanda ya fita da ƙyar yana ofis mai sanyi saboda wata 'yar takarda da wani hadimi ya kai. Idan ɗan kwalejin fasaha ne, ya san bambancin da ake nuna wa mai HND a aikin gwamnati, ya kuma san ƙudurin soke bambancin da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 bai zama doka ba. Duk lokacin da aka cike gurbi ba tare da talla ba, labarin yana sauka har ɗakin kwanan ɗalibai, kuma fassararsa a can ɗaya ce: wa ka sani ya fi me ka sani. Ba za mu koya wa yaro wannan darasi da aikinmu ba, sannan mu yi mamakin ya haddace shi.

Aljihu da kaɗaici

Talauci ma yana da nasa aikin a cikin kai. A 2013 Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka auna manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutanen nan dai su ne, amma sakamakonsu a gwajin tunani ya fi rauni kafin girbi. Damuwar kuɗi tana cinye wani kaso na hankalin da ake buƙata don tsara gobe. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci da na haya sun tashi a ko'ina. Ɗalibin da ke lissafin abin da zai ci da daddare, da wuya ya yi lissafin jarrabawar da ke mako shida nan gaba. A irin wannan hali ne cacar ƙwallo ta waya ke samun shiga, domin tana yi masa alkawarin abin da littafi ya kasa yi masa, wato sakamako yau-yau.

Haka nan ƙwaya. Binciken ƙasa kan shan miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Muna yawan kallon tiramadol a matsayin sanadin faɗuwar ɗalibi, kuma haka ne. Sai dai ga wasu, ƙwayar tana zuwa ne bayan tsoron ya riga ya zauna. Tana kashe fargabar dare, tana kuma ba da hujjar da za a jingina faɗuwa da ita, daidai da maganin da ɗaliban 1978 suka zaɓa.

Sai kuma jin cewa nan ba wurina ba ne. Wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a ba shi da wanda zai gaya masa cewa shekarar farko tana yi wa kowa wuya. Idan ya faɗi gwajin farko, ba zai ce kwas ɗin ne mai tsauri ba, zai ce dama irinmu ba mu dace da nan ba. Ɗaliba mace kuma tana da ƙarin nauyi, domin a gidaje da yawa faɗuwa ɗaya ta isa a ce ta dawo a yi mata aure, nasara mai yawa kuma ta sa a ce ta fi ƙarfin mijin aure. Wadda aka tsare ta gaba da baya haka, ba abin mamaki ba ne ta zaɓi tsakiya, ta rage ƙoƙari da gangan.

Shin wannan ba neman uzuri ba ne?

Mai karatu na iya cewa: mu ma mun yi karatu da fitilar ƙwai, mun taka a ƙasa, ba mu lalace ba. Akwai gaskiya a ciki. Akwai malalata na haƙiƙa a kowace makaranta. Akwai kuma ɗalibai masu ɗimbin yawa a Mubi da suka ga duk abin da na lissafa, suka dage, suka fita da sakamakon da ake alfahari da shi. Gano dalilin hali ba ya ɗauke wa mai halin nauyinsa. Ɗalibin da ya ƙi shiga jarrabawa shi ya ƙi, shi kuma zai maimaita, bai kamata a ɗaga masa ƙafa a maki ba. Malamanmu na addini ma, Musulmi da Kirista, sun daɗe suna bambance dogaro ga Allah da zaman jiran tsammani.

Amma tambayar da ke gaban mai tsara manufa dabam take da ta alƙali. Tasa ita ce: wane magani ne ke aiki? Shekara nawa muna zagi da gori da barazanar daina biyan kuɗin makaranta? Idan tushen cutar tsoron kunya ne, ƙarin kunya ƙarin cuta ne. Wanda ake cewa kada ka ba mu kunya a kowace waya da aka buga masa, ana ƙara masa dalilin neman mafaka ne. Sannan waɗanda suka yi karatu a shekarun 1970 da farkon 1980 su tuna cewa a zamaninsu zango na ƙarewa a kan lokaci, takardar kammalawa kuma tana kai mutum ga aiki. Wahalarsu tana da ƙarshe sananne. Abin da ke karya zuciya shi ne wahalar da ba a san ko za ta haifar da wani abu ba.

Abin da ke hannun Abuja

Idan matsalar tsinkewar zare ce tsakanin ƙoƙari da sakamako, aikinmu ƙulla shi ne, kuma yawancin hanyoyin ba sa buƙatar sabon gini ko babbar kwangila.

Hukumar NUC da hukumar NBTE, idan sun je tantance kwasa-kwasai, suna ƙirga littattafai da kujeru da malamai. Su ƙara tambayoyi uku a takardarsu: kwana nawa ake ɗauka tsakanin jarrabawa da fitar sakamako, ɗalibai nawa ne ke ganin takardar gwajinsu da gyaran malami a kai, kuma 'yan shekarar farko nawa ne suka ɓace kafin ƙarshenta. Abin da hukuma ke tambaya shi makaranta ke gyarawa. Gwaje-gwaje ƙanana tun makonnin farko, masu ɗan maki, waɗanda ake mayar wa ɗalibi da wuri, sun fi amfani ga mai tsoro fiye da babbar jarrabawa guda da ke yanke hukunci a ƙarshe. Wanda ya faɗi a mako na huɗu ya gyara ya ci a mako na shida, ya ga da idonsa abin da Maier da Seligman suka ce sai an koya.

A 2011 Gregory Walton da Geoffrey Cohen suka wallafa sakamakon wani ɗan aiki na kusan awa ɗaya a wata jami'ar Amurka. An sa sababbin ɗalibai sun karanta bayanan na gaba da su, masu nuna cewa kusan kowa ya ji baƙunta da shakkar kansa a farko, kuma abin ya wuce. Cikin shekara uku, tazarar maki tsakanin baƙaƙen fata da fararen fata a cikin waɗanda aka yi wa aikin ta ragu da kusan rabi. Amurka ba Adamawa ba ce, amma gwada irin wannan a makon karɓar sababbin ɗalibai ba ya cin komai. A sa 'yan ajin ƙarshe daga Madagali da Maiha su tsaya su faɗi yadda suka faɗi gwajin farko da yadda suka tashi, da Hausa ko da harshen gida in ta kama.

Game da raunin zuciya da rikici ya bari, ƙasar nan na da likitocin ƙwaƙwalwa ƙasa da 300 ga mutum sama da miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da yankin ya daɗe yana dogaro da shi yana Maiduguri. Jiran likita ga kowane ɗalibi mafarki ne. Amma a Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna bi da su mataki-mataki wajen warware matsala, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar irin wannan. TETFund da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas suna kashe kuɗi a kan gine-gine. Kaso kaɗan daga ciki zai horar da malamai masu kula da aji, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na Musulmi da na Kirista, su gane alamun tun da wuri, su san wanda za su saurara da wanda za su tura asibiti.

Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, yana ba da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Kuɗin ba su da yawa, amma idan suna shiga a rana sananniya kowane wata, suna sauke wani nauyi daga kai. Rana tabbatacciya tana da daraja kusan kamar adadin. Haka nan kalandar karatu: duk yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da ƙungiyoyin malamai aka bar ta a cikin fayil har ta haifi yajin aiki, ɗalibi ne ke biya da shekarunsa da kuma imaninsa da karatu. Wanda fayil ɗin ke kan teburinsa ya san kansa.

Hadiman ministoci da na 'yan majalisa kuwa, ku kuka fi kowa sanin yadda sunaye ke shiga jerin ɗaukar aiki. Ba kowa ke da ikon sauya tsarin ba, amma kowa na iya ba maigidansa shawarar a tallata gurbi, a yi jarrabawa, a manna sakamako inda kowa zai gani. Yaro ɗaya daga Mubi da ya samu aikin tarayya ba tare da ya san kowa ba, labarinsa zai yi wa 'yan ajinsu abin da lacca ɗari a kan himma ba za ta yi ba.

Saura na cikin gida. Idan za ka kira ƙaninka ko 'yar yayarka da ke makaranta, kada tambayar farko ta zama ta maki. Tambaye shi wane kwas ne ke ba shi wuya, da wa yake karatu, ya taɓa zuwa wurin malamin kuwa. Ka gaya masa kwas ɗin da ya taɓa kayar da kai ko ya kusa. Ka nuna masa cewa faɗuwa bayan ƙoƙari ba za ta rage masa matsayi a wurinka ba, ƙin gwadawa ne ba za ka lamunta ba. Da zarar faɗuwa ta daina zama tonon asiri, buƙatar dabaibayi ta ragu, domin dama don gudun ranar kunya aka ɗaura shi.

Mutanen Mubi sun sake gina kasuwarsu da makarantunsu bayan 2014 ba tare da jiran kowa ba. Yaran da suka tsallaka daji a wancan lokaci sun iso aji da ƙafafunsu. Haƙƙinsu a kanmu shi ne su tarar da tsarin da idan an yi aiki ana ganin lada a kan lokaci, daga takardar gwaji har zuwa takardar kama aiki. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.